Lafiyar Baƙi a Turai: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A wannan wata mun ga ya dace mu juya akalar wannan shafi zuwa ga wata masifa da ke cin 'yan uwa masu zaman ƙetare a hankali, ba amon bindiga, ba labari a rediyo. Da wuya a yau ka sami unguwa a Kano ko Zariya ko Damagaram ko zangon Kumasi wadda ba ta da ɗa ko 'ya a Turai ko Amurka. Abin da ke iso mu daga gare su shi ne 'yan kuɗin da suke aikowa da hotunansu, mu duba mu ce wane ya yi ɓulɓul, ƙasar ta karɓe shi. To, wannan ƙibar da muke yi wa barka, ita ce likitocin can suka shafe shekara arba'in suna auna ta, kuma abin da suka gano ba abin barka ba ne.

A shekarar 2016 aka wallafa sakamakon wani bincike mai suna RODAM, wanda Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amsadam ya jagoranta. Hikimar binciken ita ce mutanen ƙasa ɗaya aka auna, watau 'yan Gana su 5,659, wasu a ƙauyukan jihar Ashanti, wasu a biranen Kumasi da Obuasi, wasu kuma a Amsadam da Balin da Landan. A ƙauye, mazan da ƙibarsu ta kai matsayin cuta kashi 1.3 ne cikin ɗari, mata kashi 8.3. A biranen Gana adadin ya tashi zuwa 6.9 ga maza da 33.9 ga mata. A Landan kuwa maza 21.4, mata 54.2, watau fiye da rabin matan. Ciwon suga shi ma haka ya bi sawu: daga kashi 3.6 na mazan ƙauye zuwa 15.3 na mazan da ke zaune a Balin. Jini ɗaya, asali ɗaya, harshe ɗaya. Abin da ya sauya shi ne kwanon abinci, da aikin da ƙafa ke yi, da irin barcin da ake samu.

Ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Mutumin da ya tashi yana noma, yana ɗiban ruwa, yana taka sayyadarsa zuwa kasuwa, ya wayi gari a ƙasar da sanyi ke kulle shi a ɗaki wata biyar, aikinsa tuƙin tasi ko gadin dare ko kula da tsofaffi, abincin da ya fi araha a kusa da shi soyayyar kaza da dankali da lemon kwalba. Cikin nan nasa da ya saba da malmalar tuwo uku saboda wahalar gona bai san an daina zuwa gona ba. A Amurka ma an auna haka a 2004: cikin baƙin da ba su cika shekara da zuwa ba kashi 8 ne masu ƙibar cuta, amma cikin waɗanda suka shekara 15 ko fiye adadin ya kai 19, dab da na haifaffun ƙasar. Baƙo yakan zo da lafiyarsa, ƙasar ce ke karɓe ta kaɗan-kaɗan.

Waɗanda aka fi daɗewa ana nazari a kansu su ne 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangaladash mazauna Birtaniya, kuma da yawansu Musulmi ne. Tun 1985 wani bincike a unguwar Southall ta yammacin Landan ya nuna ciwon suga a cikinsu ya ninka na Turawan unguwar kusan sau huɗu. Wani binciken da ya bi mutanen Southall da Brent sama da shekara ashirin ya bayyana a 2012 cewa kafin a kai shekara 80, kashi 40 zuwa 50 na 'yan asalin kudancin Asiya da baƙaƙen fata sun kamu da ciwon, ninki biyu na Turawa ko fiye. Kuma yana kama su da wuri, yana kama su tun jikinsu bai yi nauyin da Bature zai fara damuwa ba. Saboda haka ne a 2013 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta sauke ma'aunin nauyi da tsayi ga waɗannan al'ummomi: inda ake fara yi wa Bature kashedi a 25 da 30, su a 23 da 27.5 ake farawa. Ku lura da wannan, ya 'yan uwa: hatta ma'aunin da ake auna mutum da shi sai da aka gane cewa a jikin wani aka gwada shi.

Idan ma'auni ya zama haka, ina ga nasiha? Shekara da shekaru abin da ake yi shi ne a miƙa wa majinyaci takarda mai hoton faranti, an raba shi gida-gida, nan burodin alkama, nan dankalin Turawa, nan cuku, nan ganyen da bai taɓa jin sunansa ba. Mutumin da cimarsa fufu ce da miyar manja, ko capati da biryani, ko tuwon shinkafa da miyar taushe, ya duba bai ga abincinsa a ciki ba. Ɗayan biyu zai fahimta: ko dai abincin iyayensa gaba ɗaya guba ne, ya bar shi ya koma cin abin da ba ya ƙosar da shi, ya yi mako biyu ya gaji, ko kuwa maganar ba da shi ake ba. Da aka ga ba a ci nasara ba sai aka ce matsalar harshe ce, aka fassara takardar zuwa Urdu da Bengali da Somaliyanci, hoton farantin yana nan yadda yake. Alhali tsohuwar da aka fassara dominta wataƙila ba ta karatu ko da harshen nata. Sannan ana yi wa maigida bayanin yawan man da za a zuba a tukunya, shi da bai san inda ludayi yake ba, mai girkin tana gida ba wanda ya kira ta. Ana ce masa ya auna rabonsa a faranti, alhali su shida ne ke sa hannu a tire ɗaya. Ana ce wa matar aure mai lulluɓi ta tafi gidan motsa jiki inda maza da mata ke cakuɗe cikin 'yan guntayen tufafi, in ba ta je ba a rubuta a fayil cewa ba ta ba da haɗin kai.

Daga wannan gazawa ce aka fara tunanin shirye-shiryen da ake ɗinka wa kowace al'umma daidai da jikinta. Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne PODOSA, wanda Farfesa Raj Bhopal na Jami'ar Edinbara ya jagoranta a biranen Edinbara da Gilasgo, aka fitar da sakamakonsa a 2014. An ɗauki mutum 171 'yan asalin Pakistan da Indiya waɗanda sugan jininsu ya fara hawa amma bai kai ga ciwon ba. Maimakon a kira su asibiti, masanan abinci ne suka riƙa bin su gida, masu jin harsunansu, sau 15 cikin shekara uku. Aka jawo mai girkin gidan cikin maganar, aka yi aiki da abincin da ake dafawa a gidan, a rage mai nan, a rage yawan shinkafa can, a ƙara tafiya da ƙafa. Ɗaya rukunin kuwa ziyara huɗu kawai aka kai musu da nasiha ta gama-gari. Tun wajen neman mutanen ma an koyi darasi, domin wasiƙun asibiti ba su kawo jama'a sosai ba, sai da aka bi ta masallatai da wuraren ibadar Sikh da Hindu da ƙungiyoyi da bakin 'yan uwa.

To, mene ne sakamakon wannan ɗawainiya ta shekara uku? Waɗanda aka bi gida sun rage kimanin kilo 1.1, ɗaya rukunin sun ƙara kimanin rabin kilo. Bambancin kilo 1.6 ke nan. Wanda ya ji wannan yana iya taɓe baki, kuma ba za mu ɓoye cewa kaɗan ne ba. A birnin Heg na Holan ma an gwada irin wannan shiri ga 'yan asalin Indiya da suka zo ta Surinam, aka tashi ba wani bambanci na a-zo-a-gani, domin mutane da yawa sun daina zuwa tun ba a yi nisa ba. Duk wanda ya ce maka da zarar an sa al'ada cikin shiri an gama, to talla yake yi. Amma kuma akwai ɗaya gefen. A 2019 masana suka haɗa bayanan gwaje-gwaje shida da aka yi a kan 'yan asalin kudancin Asiya, a Turai da Indiya, mutum 1,816, sai aka ga duk da cewa nauyin da aka rage bai kai kilo guda ba, masu kamuwa da ciwon suga sun ragu da kashi 35 cikin ɗari. Haka nan cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 33 a 2014 kan ilmantar da masu ciwon suga ta hanyar da ta dace da al'adarsu, ta ga sugan jininsu ya sauka fiye da na waɗanda aka yi wa yadda aka saba, saukar ta fi ƙarfi a wata shida na farko, ta ragu daga baya amma ba ta ɓace ba. Ga wanda ya taɓa ganin ɗan uwansa a kan na'urar wankin ƙoda sau uku a mako, ko aka yanke wa mahaifinsa ƙafa, ragin kashi ɗaya cikin uku ba abin rainawa ba ne.

Baƙaƙen fata an daɗe ana barinsu a baya a wannan fage, sai a 'yan shekarun nan. Shirin HEAL-D, wanda Louise Goff da abokan aikinta suka tsara a King's College ta Landan, an gina shi ne tare da majinyata 'yan Afirka da Karibiyan da shugabannin addininsu da ma'aikatan lafiya. Zama bakwai ne na rukuni, a zaurukan unguwa da na wuraren ibada, ana magana a kan doya da rogo da ayaba da shinkafa da manja da sunayensu, a motsa jiki tare, a yi girki a ɗanɗana. Abin da ya burge mu a cikinsa shi ne an fara da tambaya kafin a ba da amsa. Ba a ce wa kowa ya bar sakwara ba. An nuna masa girman curin da jikinsa zai iya ɗauka, da yadda miyar ganye za ta cike gurbin sauran.

Inda wannan magana ta fi shafar Musulmi kai tsaye shi ne watan Ramadan, kuma a nan muke son mu daɗe kaɗan. Wani bincike da aka wallafa a 2004, wanda ya ƙunshi masu ciwon suga sama da 12,000 a ƙasashe 13, ya gano kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, haka ma kashi 43 na masu nau'i na ɗaya, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan allurar insulin. A cikin watan, mummunar faɗuwar suga ta ninka sau 7.5 ga masu nau'i na biyu. Likitan da bai san Musulunci ba abu ɗaya yake cewa: kada ka yi azumi. Majinyaci ya ce to, ya fita, ya ɗauki azuminsa, ya sauya lokutan shan ƙwayoyinsa da ka, kuma ba zai sake komawa wurin likitan ba sai bayan salla. A shekarun 2014 zuwa 2017, da azumi ya faɗo tsakiyar bazarar Turai, ana kai awa 18 ko fiye ba ci ba sha a Birtaniya. Ku auna wannan da tsoho mai shan maganin da ke sauke suga.

A unguwar Brent ta Landan wasu likitoci suka bi wata hanya dabam. Suka shirya zaman ilmantarwa kafin watan ya kama, da harsunan jama'ar: me za a ci da sahur, yaya za a buɗa baki ba tare da an afka wa soye-soye da zaƙi ba, yaya za a gyara lokutan magani, yaushe ne dole a karya azumi. Rahoton da suka fitar a 2010 a kan mutum 111 ya nuna waɗanda suka halarta sun ɗan rage nauyi, faɗuwar suga a cikinsu ta sauka daga sau 9 zuwa 5. Waɗanda ba su halarta ba sun ƙara nauyi, faɗuwar suga ta tashi daga 9 zuwa 36. Mutanen kaɗan ne, kuma ba ƙuri'a aka jefa wajen raba su ba, amma hanyar da ya nuna ita ce ƙwararru suka bi daga baya, har Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar da cikakkiyar ƙa'ida kan azumi a 2016, ta sabunta a 2021. A cikinta an ce idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin miligiram, a sha ruwa nan take, ko da saura minti goma rana ta faɗi.

Malamai ma ba su yi shiru ba. A 2009, a zamanta na Sharja, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna da likitoci, ta kasa masu ciwon suga gida huɗu gwargwadon haɗarin da ke kansu, ta yanke cewa gida biyu na farko, masu haɗari mai tsanani, bai halatta su yi azumi ba. Mafi yawan malaman wannan zamani kuma sun tafi a kan cewa tsaga yatsa don auna suga ba ya karya azumi. Abin takaici, wannan hukunci yana cikin littattafai, bai sauko kan mumbari ba. Har yau akwai dattijon da ke ganin shan ruwa da rana raunin imani ne, yana jiri yana karkarwa yana cewa zai jure, alhali sauƙin da aka yi wa mara lafiya sananne ne ga duk wanda ya karanta babin azumi ko a ƙaramin littafi. Irin wannan dattijo likita ba zai iya sauke shi ba ko ya kwana yana bayani. Limaminsa ne kaɗai zai iya, da jumla biyu. In limamin ya yi shiru don gudun kada a ce ya sassauta, to ya san akwai wanda zai faɗi a bakin aiki ko a bayan sitiyari saboda shirunsa.

Wannan ya kawo mu ga masallaci da makarantar Islamiyya. A Oslo ta Nowe an tara maza 'yan Pakistan 150, akasari ta hanyar masallatai, aka sa wasunsu wasan ƙwallon gora na cikin ɗaki da motsa jiki tare har wata biyar, kuma ya yi amfani: sun ƙara kuzari, tumbinsu ya ragu. A Biradfod ta Ingila, inda yaran Musulmi da yawa ke wucewa Islamiyya kowace yamma bayan makarantar boko, masu binciken lafiyar yaran garin sun zauna da limamai da malaman makarantu da iyaye suka tsara yadda za a shigar da cin abinci mai kyau da guje-guje cikin tsarin makarantun. Dalilin a bayyane yake. Baƙo yana iya jin tsoron ofishin hukuma, yana iya ƙin buɗe wasiƙar asibiti, amma ranar Juma'a yana masallaci.

Sai dai masallacin nan galibi maza yake tarawa, kuma alƙaluman da muka kawo a sama sun nuna mata ne ƙiba ta fi yi wa illa. Macen da aka kai Turai aure, ba dangi, ba maƙwabciyar da za ta leƙa, ba tsakar gida, daga ɗaki sai kicin a hawa na tara, haihuwa a kan haihuwa, ita ce ta fi kowa shiga haɗari kuma ita ce ba a gani. Inda aka ware wa mata lokacinsu a wurin ninkaya ko motsa jiki, da mace mai koyarwa, da wurin ajiye yara, suna fitowa. Mijin da ya hana matarsa fita tafiyar rabin awa tare da 'yan uwanta mata, cikin suturarta, ya gaya mana a wane littafi ya gani. (Af, tun da zance ya zo nan: masu duhun fata da masu rufe jiki a ƙasashen da rana ba ta da ƙarfi suna fama da ƙarancin bitamin D, kuma tun 2016 hukumomin lafiya na Ingila suke ba su shawarar shan maikirogiram 10 kullum, rani da damina. Ƙwaya ce mai araha, ba ta bukatar kowa ya taɓa lulluɓinsa.)

Muna da magana da hukumomin waɗannan ƙasashe. Sau da yawa abin da suke kira dacewa da al'ada bai wuce a manna hoton mace mai ɗankwali a bangon takarda ba. Suna tara Bahaushe da Basomale da Bayarabe da ɗan Jamaika a rukuni ɗaya su ce baƙaƙe, alhali ba abinci ɗaya ba, ba harshe ɗaya ba, ba addini ɗaya ba. Shirin da ya fara kama ƙasa kuɗinsa na shekara biyu ne, ya ƙare, ma'aikaciyar unguwar da jama'a suka fara amince wa ta tafi neman wani aikin. Mafi muni, kalmar al'ada takan zama mayafin da ake rufe talauci da shi. Mai aikin dare biyu ba al'adarsa ce ta hana shi barci ba. Iyalin da ke cunkushe a ɗaki ɗaya, a unguwar da shagon soyayyar kaza ya fi shagon kayan lambu yawa, ba jahilci ne ya zaɓa musu abinci ba. Wanda takardunsa ba su cika ba yana gudun asibiti don kada a kama shi, duk da cewa a Ingila yin rajista da likitan unguwa ba ya bukatar shaidar izinin zama. Mutane da yawa ba su sani ba, wasu ma'aikatan ma kan mayar da su. Shirin da ya koya wa mutum dafa ganye bai tambayi ko yana da kuɗin ganyen da lokacin dafa shi ba, rabin aiki ya yi.

Amma ba za mu ɗora wa baƙon gida dukkan laifi mu wanke namu ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Al'ada ba wahayi ba ce. Mu ne muke ɗaukar tumbi alamar arziki, mu ga mutum ya rame da gangan mu fara raɗe-raɗin ko wata cuta ce. Mu ne muke ɗura wa amarya kayan ƙiba. Mu ne baƙo in ya ce ya ƙoshi muke jin ya wulaƙanta mu, sai ya ƙara. Waɗanda suka shiga shirin Edinbara ma sun koka da cewa ziyarce-ziyarce da bukukuwa na cikin abin da ya fi karya musu niyya. Walima da suna da buɗa-bakin masallaci sun zama gasar shinkafa mai iyo cikin mai da katan-katan na lemon kwalba, alhali gwangwani ɗaya yana ɗauke da suga kusan giram 35, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa babban mutum a yini bai wuce kimanin giram 50 ba. Gishiri an ce kada ya kai giram 5 a rana, mu kuwa tukunya ɗaya dunƙule nawa take ci, bayan gishirin da aka riga aka barbaɗa? Ga ɓoye ciwo don kada a ƙi auren 'ya'yan gidan. Ga masu sayar da garin magani ta waya, suna rantsuwa cewa kwalba uku za ta raba mutum da suga har abada, ya ajiye maganin asibiti, sai an kwashe shi ranga-ranga. Shirin da ya dace da al'ada shi ne wanda ya san waɗannan duka, ya riƙe na riƙewa, ya yaƙi na yaƙa. Abincinmu na asali kuwa, gero da dawa da acca da wake, da zogale da rama da kuka da kuɓewa, ba shi ne abokin gaba ba. Da yawa daga abin da ke kashe mu farar shinkafa ce da fulawa da suga da man da suka shigo daga baya muka mayar da su namu.

Kada mai karatu a gida ya ce wannan matsalar mutanen Landan ce. A sake duba alƙaluman Gana: ciwon suga a matan biranen Gana kashi 9.2 ne, a matan Balin 10.2. Tazarar da ke tsakanin ƙauye da Kumasi ta fi wadda ke tsakanin Kumasi da Jamus. Watau ba sai an hau jirgi ba. Wanda ya baro ƙauyensu ya zo Kano ko Legas ko Yamai ya zauna a shago daga safe zuwa dare, shayi da burodi da safe, taliyar leda da dare, babur ko'ina za shi, ya riga ya yi mafi yawan wannan ƙaura, kuma shi ba shi da asibitin kyauta da zai tare shi.

Saboda haka kiranmu ga kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan gari, a ƙetare da gida, shi ne su daina jiran a zo a tsara musu. A cikin kowace jama'a akwai likita ko nas ko mai harhaɗa magani da ke sallah a sahu ɗaya da kowa. A ba shi minti goma bayan Juma'a, a ajiye na'urar awon jini da ta suga a ofishin masallaci, a ware wa mata ranarsu da ma'aikaciya mace. Wanda ba shi da na'ura ma yana da igiya: tun 2022 hukumar NICE ta ce kowa ya auna ƙugunsa, kada ya kai rabin tsayinsa. Masu kula da buɗa-bakin masallaci su sauya lemon kwalba da ruwa, su rage soye-soye. A watan Sha'aban kuma, tun kafin a ga wata, liman da likita su zauna gaban jama'a a tabarma ɗaya, a karanta wa masu ciwon suga rukunan nan huɗu, kowa ya je a auna shi ya san a wanne yake.